Musa Ɗanƙwairo

Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun (an haife shi wajen 1909, ya rasu ranar 13 ga Satumba, 1991) makaɗin fada ne Bazamfare wanda ya shahara da kiɗan kotso. Ya tashi a gidan kiɗa a ƙasar Maradun, cikin jihar Zamfara ta yanzu. Ya fara da kiɗan noma, ya koma kiɗan sarauta, daga bisani ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Ana lissafa shi tare da Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Aliyu Ɗandawo da Sa'idu Faru a cikin manyan makaɗan fada na ƙarni na 20. Abin da ya bambanta tarihinsa da na yawancinsu shi ne zamanin da tauraruwarsa ta haska. Ya yi ƙarfi daidai lokacin da mulkin Arewa ya tattara a Kaduna, birnin da babu tsohuwar fada a cikinsa, kuma daidai lokacin da rediyo ya fara shiga gidajen talakawa. Ta wannan hanya kiɗan da a da sai wanda ya je ƙofar sarki yake jin sa ya zama abin sauraren kowa, daga Sakkwato har Adamawa.

Asali da ƙuruciya

An haifi Musa a garin Bakura. Sunan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, mutumin Kaya ta ƙasar Maradun, sunan mahaifiyarsa 'Yarnunu. Kiɗa gado ne a gidansu, domin kakansa, wanda ake kira Maiganga, makaɗi ne, mahaifinsa ma haka. Asalin sana'ar gidan kiɗan noma ne, kafin Usman Ɗankwanda ya zama makaɗin Sarkin Kayan Maradun.

Kiɗan noma makaranta ce babba ga duk wanda ya bi ta cikinta. A ranar gayya makaɗi yana bin manoma kunya bayan kunya da gangarsa, yana zuga wanda ya wuce gaba, yana ambaton ubansa da kakansa da irin damman da suka taɓa ɗaurewa, yana kuma yi wa rago ba'a har sai kunya ta sa ya ƙara duƙawa. Waɗannan abubuwa uku, wato zuga da ambaton asali da muzanta abokin hamayya, su ne dai ginshiƙan waƙar sarauta, sai dai a fada garma takan koma takobi, gona ta koma ƙasa, rago kuma ya koma ɗan sarkin da ke harin gadon sarauta. Musa ya fara bin mahaifinsa wuraren kiɗa tun yana ƙaramin yaro, yana cikin masu amshi, kamar yadda 'ya'yan makaɗa suka saba.

Laƙabin Ɗanƙwairo aro ne. Bisa ruwayar da manazarta suka tattara, akwai wani yaron mahaifinsa da ake kira da wannan suna, mai zaƙin murya ƙwarai. Da Musa ya fara amshi aka ji muryarsa ta yi kama da ta wancan, sai aka riƙa kiransa da sunan, har ya bi shi ya danne na yanka.

Daga Daudun Kiɗi zuwa jagora

Bayan rasuwar Usman Ɗankwanda, ragamar ƙungiya ta koma hannun yayan Musa, wanda aka fi sani da Kurna Maradun. Musa ya zama Daudun Kiɗi, wato mataimakin shugaban ƙungiya kuma mai jiran gado. Wannan muƙami yana da nauyi a tsarin makaɗan ƙasar Sakkwato da Zamfara. Daudu ne ke tsaye kusa da jagora, shi ke jan sauran 'yan amshi, shi ne kuma ke karɓar waƙa idan jagora ya tsaya shan iska. Mutum yakan shafe shekaru da yawa a wannan matsayi kafin a ji sunansa shi kaɗai. Ɗanƙwairo ya yi wannan zaman jira a ƙarƙashin Kurna, saboda haka lokacin da ya fara jan tasa ƙungiyar ya riga ya manyanta, ya kuma san sirrin amshi ta ciki, abin da ya bayyana ƙarara a tsarin waƙoƙinsa na baya.

Kayan kiɗansa kotso ne. Kotso ɗan'uwan kalangu ne ta fuskar siffa, mai siririn tsakiya da igiyoyi a jiki, amma baki ɗaya kawai ake rufe masa da fata, ɗaya bakin a buɗe yake. Ana rataya shi a kafaɗa, a kaɗa shi da hannu, ba da ɗan sanda ba. Idan makaɗi ya matsa igiyoyin fatar takan ɗaure, sauti ya hau sama, idan ya saki sauti ya sauko. Kasancewar Hausa harshe ne mai karin sauti, wannan hawa da sauka yana ba kotso damar bin muryar mawaƙi gaɓa bayan gaɓa. A al'adance kotso da taushi da jauje kayan kiɗan sarakuna ne, yadda kalangu yake na mahauta da 'yanmata da 'yan dambe. Ba kowa ake yi wa su ba, kuma makaɗin da ya riƙe su ya san iyakar waɗanda zai iya wasawa.

Fadojin Zamfara

A zamanin Turawa garuruwan Zamfara gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato, amma kowane hakimi yana riƙe da tsohuwar sarautar gidansu: Sarkin Kaya a Maradun, Sarkin Burmi a Bakura, Sarkin Katsina a Gusau, Sarkin Fulani a Bunguɗu, 'Yandoto a Tsafe. Kowace fada a cikin waɗannan tana da makaɗanta, kuma alaƙar makaɗi da sarkinsa alaƙar bara da ubangida ce. Sarki ke ba shi doki da riga da hatsi, wani lokaci har da gida da gona da kuɗin aure. Shi kuma yana fita da kiɗa daren Juma'a, da ranakun salla, da naɗin sarauta, da duk tafiyar da sarki zai yi. Idan yana son zuwa wata fada yawon kiɗa, sai ya nemi izini.

Wannan yanki ya fitar da makaɗan fada fiye da kima. Narambaɗa yana Isa wurin Sarkin Gobir Amadu. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ya kai har ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, ya rasu a 1973. Sa'idu Faru, maƙwabcin su Ɗanƙwairo, ya tsaya ga Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo. Duk wanda ya tashi a tsakanin irin waɗannan dole ya nemi abin da za a gane shi da shi. Narambaɗa ya yi fice da zurfin azanci da falsafa, Sa'idu Faru da sarrafa kalma. Ɗanƙwairo ya kama ɓangaren murya da tsarin ƙungiya, ya kai shi inda ba a kai ba.

Kaduna da Sardauna

Turawa ne suka kafa Kaduna a matsayin hedkwatar Arewa, suka dawo da ofisoshinsu can daga Zungeru a 1917. Gari ne na soja da ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa, daga baya kuma na ma'aikatan masaƙa, bayan buɗe masaƙar farko a 1957. Mutanensa sun zo ne daga ko'ina: Hausawa da Fulani da Nufawa da Kanuri da Tibi da Yarbawa da Ibo, ga kuma Gbagyi da aka tarar a wurin. A shekarun 1950 da 1960 kunnen mazaunin Kaduna ya saba da kiɗa iri-iri. Akwai kiɗan hayilayif na 'yan Kudu da 'yan Gana a otal-otal, akwai waƙoƙin finafinan Indiya da ake kallo a gidajen silima, akwai goge da kukuma da kalangu a unguwanni irin su Tudun Wada, ga Mamman Shata da ire-irensa da ba su jingina da kowace fada ba. Abin da garin ya rasa shi ne tsohon gidan sarauta mai tambura da makaɗan gado. Mai iko a Kaduna Gwamna ne, daga 1954 kuma Firimiya.

Firimiyan kuwa ɗan sarauta ne. Ahmadu Bello jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya yi hakimcin Rabah daga 1934, ya nemi sarautar Sarkin Musulmi a 1938, aka naɗa Abubakar na III, shi kuma aka ba shi Sardauna aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin Sakkwato. Ya yi shekaru a can, don haka ƙasar Zamfara da sarakunanta da makaɗanta ba baƙinsa ba ne. Da ya zama shugaban jam'iyyar NPC kuma Firimiya, ya ci gaba da tafiyar da al'amuransa cikin siffar basarake, da rawani da alkyabba da fadawa da kyauta mai yawa. Manyan bukukuwan da aka yi a Kaduna a zamaninsa, kamar hawan daba na zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 da na samun mulkin kai na Arewa a 1959, sun tara sarakuna da dawakansu da makaɗansu a fili guda, abin da ba a saba gani ba a da.

Akwai kuma buƙatar siyasa. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi amfani da waƙa sosai wajen sukar En'e da sarakuna, kuma waƙoƙinta sun shiga bakin talakawa. NPC ma ta nemi nata mawaƙan. A cikin wannan yanayi ne Ɗanƙwairo ya zama makaɗin Sardauna, ya yi masa waƙoƙi da dama, wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce wadda ake kira Mai Dubun Nasara.

Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato. Waƙar fada an gina ta ne a kan sarkin da ya gaji uba da kaka, wanda abokan hamayyarsa 'yan'uwansa ne na jini, wanda kuma masu sauraren yabonsa duk sun san tarihin gidan. Sardauna kuwa a Kaduna shugaban gwamnati ne da ya hau ta hanyar zaɓe, abokan karawarsa jam'iyyu ne, ƙasar da yake mulka ta haɗa da mutanen da Hausa ba harshen uwa ba ne a gare su. Ɗanƙwairo bai canza kayan aikinsa ba. Ya ɗauki tubalan da ya gada, asali da jarunta da kyauta da riƙon addini, ya ɗora Firimiya a kansu. Ya jingina shi ga Shehu da Bello, ya mai da nasarar siyasa tamkar nasarar fagen daga, ya mai da 'yan hamayya mahassada, yadda ake yi wa masu ja da sarki. Wanda ya saurara zai ji kamar ana wasa wani babban sarki ne wanda ƙasarsa ita ce Arewa gaba ɗaya. Wannan kuwa shi ne hoton da NPC take son a gani, kuma shi ne hoton da 'yan NEPU suke yaƙa. Ɗalibin tarihi ya kamata ya riƙe wannan a zuciya: waƙoƙin shaida ne a kan yadda ɓangare guda ya so a ɗauki Sardauna, an kuma yi su ne a tsakiyar rigima, lokacin da ake ɗaure 'yan hamayya a kotunan alƙalai.

Abin da ya faɗaɗa lamarin shi ne na'ura. A 1962 gwamnatin Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata na kanta a Kaduna, wanda ake kama shi a kan gajeren zango har Nijar da Kamaru da Cadi da Gana. A wannan zamani ne kuma ƙananan rediyoyi masu batir suka fara yawa a kasuwa. Gwamnati tana da majigi da ke yawo ƙauyuka yana nuna rangadin Firimiya, amma majigi sai ya zo gari ake ganin sa, rediyo kuwa kullum yana nan. Waƙar da a da ake yi sau ɗaya a ƙofar fada ta wuce, yanzu an naɗe ta a faifai, ana maimaita ta yadda take. Mutumin Yola ko na Damagaram da bai taɓa jin sunan Kaya ba ya haddace amshin makaɗin Kaya. Naɗar ta kuma daskarar da waƙa a siffa guda. A fagen kiɗa makaɗin baka yakan ƙara ɗa ko ya rage, ya sako sunan wanda ya shigo yanzu, ya tsawaita inda ya ga ubangida ya ji daɗi. Abin da jama'a suka sani a yau a matsayin waƙar Ɗanƙwairo sau da yawa zama ɗaya ne daga cikin zama da yawa, wanda ya yi sa'ar faɗawa gaban makirfo.

Bayan 1966

An kashe Sardauna a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966, a juyin mulkin soja na farko. Gidan ne aka mayar cibiyar tarihi ta Arewa House daga baya. Ga makaɗin fada, mutuwar ubangida babbar girgiza ce, balle irin wannan ubangida. Sauye-sauyen da suka biyo baya sun kuma taɓa tushen sana'ar gaba ɗaya. A 1967 aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida. A 'yan shekarun da suka biyo aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da mulki na kai tsaye. Sarkin da ba ya riƙe da baitulmali ba zai iya ɗaukar nauyin ƙungiyar makaɗa shi kaɗai yadda kakansa ya yi ba.

Ɗanƙwairo ya bi zamani ta hanyar faɗaɗa fage. Sunan da ya yi a zamanin Sardauna ya buɗe masa ƙofofin manyan fadoji da ke wajen ƙasar Sakkwato. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, wanda kafin ya hau gadon sarauta a 1966 minista ne a gwamnatin Sardauna. Ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero, wanda ya hau a 1963. Ya kuma wasa hakimai da 'yan siyasa da attajirai, musamman da kuɗin man fetur ya haifar da sababbin masu kyauta a shekarun 1970. Masu ra'ayin riƙau na iya ganin wannan a matsayin sassauta dokar kotso, amma da wuya a ga yadda ƙungiya mai baki da yawa za ta rayu a wancan lokaci da hatsin fada guda.

A waɗannan shekaru ne kaset ya shigo, ya sauƙaƙa kwafi da sayarwa, har waƙoƙinsa suka zama abin ji a tashoshin mota da shagunan tela da teburan masu shayi a Kano da Kaduna da Zariya. A 1977, lokacin bikin FESTAC, wato bikin fasaha da al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, an yi babban taron a Legas, amma hawan daba a Kaduna aka yi shi. Al'adun fada da shekara goma sha ɗaya kafin nan suke ɗauke da nauyin mulki, yanzu an jera su a gaban baƙi daga Amurka da Brazil da sauran ƙasashen Afirka a matsayin kayan gado. Kiɗan irin na Ɗanƙwairo ya shiga wannan sabon matsayi shi ma: jami'o'i suka fara naɗarsa da rubuta shi da nazarinsa.

Waƙar 'Yandoton Tsafe

Duk da manyan sarakunan da ya wasa, waƙar da mutane da yawa suke fara tunawa idan an ambaci Ɗanƙwairo ta wani hakimi ce a ƙasar Zamfara, 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu, ɗaya daga cikin manyan iyayen gidansa. Tsafe gari ne a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, a kan layin dogon da ya taso daga Zariya ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Sunan sarautar ya samo asali ne daga tsohon garin 'Yandoto da ke kusa, wanda ya shahara da malamai tun kafin jihadi. A lokacin da aka yi waƙar, Tsafe gunduma ce kawai a cikin gundumomin Sakkwato masu yawa.

Waƙar ta tattara duk abin da aka san shi da shi: kiɗa mai sauri da ke tafiya kamar sukuwa, zuga mai sa ubangida ya ji babu kamarsa, da habaici ga masu ja da shi wanda ba a kama suna amma 'yan gari sun san inda aka dosa. Ta nuna kuma wani abu game da ƙarfin makaɗi a zamanin rediyo. A da girman sarki ke ɗaga makaɗinsa. A nan waƙar ce ta kai sunan hakimin wuraren da ikonsa bai kai ba, har mutanen da ba za su iya nuna Tsafe a taswira ba sun san akwai 'Yandoto.

Salo da harshe

Manazarta waƙar baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, marubucin Jagoran Nazarin Waƙar Baka da Makaɗa da Mawaƙan Hausa, suna kiran amshin da ake komawa gare shi gindin waƙa, su kira kowane yanki da ke tsakanin amshi da amshi ɗa. A wurin makaɗa da yawa aikin 'yan amshi shi ne su jira jagora ya gama ɗa, su maimaita gindi. A ƙungiyar Ɗanƙwairo aikinsu ya fi haka nesa. Jagora yakan fara magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu layuka da yawa kafin a koma gindi, wani lokaci kuma su rabu biyu suna karɓeɓeniya. Wannan ba ya yiwuwa sai da shiri. Dole a zauna a gida a tsara ɗiyan waƙa, a maimaita har kowa ya san inda zai shiga. Nan ne ya sha bamban da Shata, wanda yakan ƙaga waƙa nan take, amshinsa kuma gajere ne da ba ya canzawa. Muryar Ɗanƙwairo siririya ce mai hawa sama, saboda haka tana fita sarai a kan taron muryoyin da ke ƙarƙashinta.

Harshen waƙoƙinsa Hausar yamma ce, ta Zamfara da Sakkwato, kuma zuwa Kaduna bai sa ya sauya ta ba, duk da cewa rediyo da jarida da makaranta Hausar Kano suka ɗauka a matsayin daidaitacciya. Inda Bakano zai ce suka zo, muka ji, aka yi, Bazamfare cewa yake sunka zo, munka ji, anka yi. Sautin f yakan koma h ko hw, fari ya zama hwari, tafi ya zama tahi, Tsafe ta zama Tsahe. Inda ake cewa shi ne, sai a ji shi na. 'Ya'ya su ne ɗiya. Harafin r na mallakar mace yakan narke cikin baƙin da ke biye, rigar sarki ta zama rigas sarki.

Akwai wani bambanci guda da ya fi waɗannan muhimmanci ga waƙa. A daidaitacciyar Hausa ana cewa lokacin da ya tafi, da gajeren ya. A Hausar yamma ana ninka baƙin da ke biye, a ce yat tahi, yaz zo, tac ce. Wannan ninki yana mai da gaɓa marar nauyi ta zama mai nauyi. Karin waƙar Hausa kuwa, ta baka da rubutacciya, a kan jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi yake tafiya, kamar yadda binciken masana irin su Russell Schuh ya nuna. Ma'ana, idan aka ɗauki layin Ɗanƙwairo aka gyara shi zuwa Hausar littafi, an taɓa awon da ya dace da bugun kotso. Wannan kuskure ne da ake yawan gani a matanin waƙoƙinsa da ke yawo a intanet, har ma da wasu kundayen ɗalibai, inda mai rubutawa yake jin sunka ya rubuta suka, ko ya ji kalmar Zamfarci da bai sani ba ya musanya ta da wata mai kama da ita. Kalmomin da suka fi shan wannan wahala su ne na kayan doki da na yaƙi da sunayen tsofaffin garuruwa da na kakannin sarakuna, waɗanda su ne kuma suka fi amfani ga mai binciken tarihi.

Ta fuskar adon harshe ya bi turbar magabatansa. Ubangida giwa ne ko zaki ko dutse ko babban gulbi, abokin hamayya kuwa ana siffanta shi da ƙananan dabbobi ko da wata tawaya ta jiki ko ta hali. Zambon fada yana da zafi, kuma wanda aka yi wa ba shi da wurin kai ƙara, tun da ba a faɗi sunansa ba. Sanƙira, wato maroƙin da ke tare da ƙungiya, yakan tsoma baki a tsakiyar waƙa yana kirari, yana fayyace abin da jagora ya dunƙule, yana kuma shelanta kyautar da aka bayar don wasu su ji su yi koyi.

Rasuwa

Ɗanƙwairo ya ci gaba da kiɗa har cikin tsufansa. Ya rasu ranar Juma'a, 13 ga Satumba, 1991, yana da shekara tamanin da 'yan kai, shekara uku bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na III, shekara biyar kafin a ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996. Har ya bar duniya sunan Maradun ne ke manne da nasa. 'Ya'yansa, waɗanda suka yi masa amshi yana raye, sun ci gaba da riƙe ƙungiyar da kotsonta.

Ana nazarin waƙoƙinsa a sassan Hausa na jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Ahmadu Bello ta Zariya, kuma gidajen rediyon Arewa suna sa su har yanzu, musamman ranakun salla da lokutan naɗin sarauta da ranar tunawa da Sardauna. Yawancin matasan da ke jin sa a yau ta waya suke jin sa, daga YouTube ko daga masu tura waƙa a kasuwa, a kwafin da aka ɗauko daga tsofaffin kaset, sau da yawa babu shekara a jiki, babu sunan wurin da aka naɗa, babu sunayen 'yan amshin da ke ɗauke da rabin waƙar.